Ƙayar Gidan Barmo a Hancin Mota

Kowanenku ya taɓa tambayata labarin ɗan farantin nan da ke rataye bisa ƙofar zaure, shuɗi mai farin zane a tsakiya, kuma kowanenku amsa guda na ba shi: tambarin wata tsohuwar mota ne. Ban yi muku ƙarya ba, amma rabin maganar ke nan. Abin da ya zaunar da ni rubuta sauran rabin shi ne, a bikin da muka je Goronyo bara na ji da kunnena wata gwaggonku tana gaya wa Asma'u wai kakanku ya taɓa yi mini baki, ya kore ni daga gida, don na sayar wa 'yan mota alamar gidanmu. Ban tanka mata ba saboda gidan biki ne, amma tuwon ranar bai wuce mini ba. Baba bai taɓa yi mini baki ba, ni kuma ban sayar da komai ba. Fushi ya yi da ni, fushi mai tsawo, kuma yana da hujjarsa. Ni ma ina da tawa, kuma ko yau aka mayar da ni wancan lokaci abin da na yi shi zan sake yi.

Gidanmu gidan ruwa ne. Kakana Barmo masunci ne kuma ɗan fito a tungarmu da ke bakin gulbin Rima, tun ba a yi madatsar Goronyo ba. Duk jirgin da aka sassaƙa wa gidanmu, duk goran su, har filafilin tuƙi, sai an ɗora masa alama da ƙarfe mai zafi: layi guda a kwance, haƙarƙari uku sama uku ƙasa, ƙarshensa ya lanƙwashe kamar ƙugiya. Ƙaya muke ce mata, don siffar ƙayar kifi ke nan in an cinye naman. Daga Goronyo har gangaren Wurno, har mutanen ƙasar Rabah masu ƙetarowa cin kasuwa, ba wanda bai san ƙayar gidan Barmo ba, ko da bai san alif ba. Kuma ba don ado ake yin ta ba. Barmo ya bar mata sharaɗi biyu. Na farko, ba a sa ta sai ga abin da ke shiga ruwa, kuma sai maigida ya ɗebi ruwan gulbi da ƙwarya ya zuba mata da bisimilla, wanda ya zana ta ya zuba na biyu. Ɗayan kuma, jirgin da ke ɗauke da ita ba ya wuce mutumin da ke cikin matsuwa a gaɓa, ko mai naƙuda ce, ko masu gawa, ko wanda ƙafa ta gaza, ko da jirgin cike yake maƙil. Da idona na ga Baba ya mayar da rabin kamun yini cikin ruwa don wata tsohuwa da jikarta mai zazzaɓi su sami wurin zama. Ya dawo gida Inna tana ta faɗa, shi kuwa yana alwalarsa.

Ni Allah bai yi ni da son ruwa ba. Ina shiga, ina su kamar kowa, amma hankalina yana kan manyan motocin da ke zuwa ɗaukar albasa, masu dawisu da furanni a jiki. Abu guda kowa ya shaide ni da shi, hannuna ba ya rawa. Tun ina saurayi ni Baba yake miƙa wa ƙarfen in za a yi ƙaya, don layina ya fi na wana Modi miƙewa. Da na ce zan tafi Wurno koyon fenti bai hana ni ba, bai kuma yi murna ba. In baƙi suka tambaye shi ina Ummaru, sai ya ce ya tafi shafe-shafe. Na yi shafe-shafen nan har na kafa rumfata a bakin tasha, na auri uwarku, direbobi suna tasowa tun daga Sakkwato su zauna jiran in gama na wani in kama nasu. In kuna ganin cika baki nake yi, tsofaffin tasha suna nan, ku tambaye su.

Modi shi ne ɗan fari, shi ya sa har ta bar duniya Inna ba ta kama sunansa ba, sai dai ta ce babban. Da kamun kifi ya ja baya sai ya koma noman albasa a fadama, Allah ya buɗa masa, ya sayi a-kori-kura ta hannu, ruwan toka, mai ja da ƙafa huɗu, irin wadda ba ta san yashi ko laka ba. Niyyarsa ya riƙa kwaso albasa da gero daga ƙauyukan Giyawa da Lahodu, har cikin dajin Rabah inda manyan motoci ba su shiga. Sai dai a mugun lokaci ya saye ta. Shekarun ne ɓarayin daji suka fara addabar ƙauyuka, kuma an ce sun ƙwace wata mota irin tasa sak, launi guda, suna kwashe hatsin mutane da ita. To kun gani, duk garin da Modi ya doso, da zarar ƙyallin tambarin hancinta ya haska daga nesa, sai gari ya watse. Mata su zubar da tuluna, maza su bar shanun huɗa a tsaye, kowa ya faɗa daji. Ya isa ya tarar da kaji da tabarmi. Ya yi hon, ya kira sunan kansa, a banza. Wata rana wata mai tsohon ciki ta faɗi wurin gudun, ta karye a hannu. Washegari ya zo rumfata, ko motar bai kashe ba.

"Ummaru, ka yi mata wani abu. Ko ja, ko tsanwa, ko ka rubuta sunana da manyan baƙaƙe. Ni dai in na taho a san ni na."

"Yaya, wa ka tsayawa karatu shina gudu?"

Na ce masa jan fenti kowa yana iya saye a kasuwa, har su mutanen dajin. Abin da ake so shi ne wanda tsohuwa za ta gane tun kafin ta aje tulu. Na san abin da ke raina, kuma daga yadda ya kawar da kai ya dubi gefen gulbi na san shi ma can zuciyarsa ta je. Shi ya fara cewa Baba ba zai yarda ba. Na ce na sani, shi ya sa ba zan tambaye shi ba. Amma kafin in taɓa motar sai da na tsayar da shi.

"Ka dai san abin da za shi hawa kanka. In ƙaya ta hau motag ga, ba ka wuce mutum bisa hanya."

"Ko a zamanin ga?"

"Ko a zamanin ga. In ba ka iyawa, in yi maka ja ka tahi."

Ya daɗe yana kallon motar, sannan ya kashe ta ya aje makullin bisa bencina.

Na yi wa motoci aiki ba iyaka, amma ban taɓa zama wa wata yadda na zauna wa wannan ba. Tana da babban tambari a hanci, ƙanana a ƙofofi, da baƙaƙen sunan kamfani a murfin baya. Na bar ta cikin rana har jikinta ya ɗau zafi, gam ɗin da ke riƙe da su ya yi laushi. Wasu masu fenti da sukundireba suke ɓamɓaro su, su karya tambari, su kwarzane mota, su ce aiki suka yi. Ni zaren fatsa na sa, irin wanda muke kama tarwaɗa da shi, na zura shi ta bayan tambarin ina ja dama da hagu yadda ake yanka sabulu, har ya fito lafiya lau. Ƙyallin nan mai firgita mutane na bi shi da samfefa sai da ya mutu murus. Zanen kamfanin da ya taso a tsakiya na cike gefensa da foti, ƙullun nan da muke cike ramin jikin mota da shi, na goge, na sake cikewa, ina rufe ido ina bin sa da yatsa, in na ji ɗan tudu in koma, har farantin ya yi sumul. Na yi masa shimfiɗar farko, na kai shi gida na kife da kwando a ɗakin baya saboda ƙura da ƙuda. Shuɗi na zaɓa mai duhu, irin na ruwan madatsa inda ya yi zurfi, wanda ba ya ƙyalli, don farin ya fito sosai. Ita ƙayar ban yi ta da feshi ba, ban kuma yanka takarda na ɗora ba. Da hannu na ja ta, da buroshin da na ɗaure da kaina daga gashin jelar akuya, layi guda numfashi guda, yadda Baba ya koya mini da ƙarfe. Da na zo lanƙwasar ƙugiyar sai da na aje buroshin, na je na yi alwala, na dawo. Sannan na bi ta da ruwan kariya, shafi bisa shafi, don rana da sarƙaƙiyar hanya. A ƙofofi, inda na cire ƙananan, na ja ƙaya babba tsawon hannu, wadda mai ido zai hango daga ƙarshen gona. Baƙaƙen baya na mayar da su shuɗi, na ja wata ƙarƙashinsu.

Uwarku, lokacin tana da cikin Asma'u, ita ta fara ganin farantin da ya bushe. Ta daɗe tsaye a kansa, ta ce kyau kam ya yi kyau, amma ita gabanta faɗuwa yake yi. Ranar da na mayar da shi hancin motar kuwa, rabin tasha ya taru. Har wani direba ya ce in yi wa tasa irinta, na ce ko zai ba ni motar kyauta ba zan yi ba.

Tafiyar farko an gudu, amma ba duka ba. Wani tsoho da ya sha ƙetare gulbi a jirginmu ya tsaya ya kare rana da tafin hannu, ya duba, ya kira sauran. Kafin a gama cirar albasa labari ya zaga ƙauyukan nan kaf. Inda da ake watsewa, sai ga mutane suna jira a gindin itace da buhunansu, wani da marar lafiya a shimfiɗe. Wanda bai sani ba a duk ƙasar Baba ne kaɗai, don Modi, jarumin, a Goronyo yake aje motar ya hau babur ya shiga tunga. Sai da wani mutumin ƙasar Rabah ya hau jirgin Baba, yana ta yi masa godiya da sa albarka kan motar gidansa mai ƙaya. Baba ya kai shi gaɓa, ya dawo, ya aiko mu zo mu biyu, kuma mu zo da ita.

Mun same shi gindin tsamiyar ƙofar gida yana gyaran taru. Ya amsa gaisuwarmu, ya tashi ya zagaya motar a hankali, ya tsaya gaban hancinta. Bai tambayi wanda ya yi ba, ya san hannun.

"Ummaru, wanga jirgi na?"

"A'a, Baba."

"Ta shiga ruwa? Wa yaz zuba mata?"

Na durƙusa na gaya masa komai, tun daga tulunan da ake zubarwa har matar da ta karye. Ya saurare ni har ƙarshe, ba ya katse mutum. Sannan ya ce jirgi da mota ba ɗaya ba ne. A zamanin nan ba direban da ke tsayawa don an ɗaga masa hannu a daji, kuma ran da Modi ya wuce wani saboda tsoro ko saboda albasa, ran nan sunan Barmo ya zube. Ina shirin in ce Modi ya ɗauki alkawari, sai ya ƙara wata.

"In sunka amshe ta ga hannun yayanka hwa? Su shiga gari da ƙaya ga hanci, mutane su hito da murna su tarbe su. Wa yak kira musu su? Kai, ko ni, ko Barmo da ak kwance cikin kushewa?"

Allah ne ya tsare, ba wayona ba, har motar ta tsufa Modi ya sayar da ita, na kankare na ƙofofin da hannuna, na ciro farantin na kawo gida. Amma a ranar ba wanda ya san haka za ta kasance. Baba ya koma ya ɗauki tarunsa, ya yi magana ba tare da ya dube ni ba.

"Ka kankare ta, sannan ka komo gidan ga. In ba ka kankarewa, zamna Wurno."

Iyakar abin da ya faɗa mini ke nan, ku riƙe shi da kyau. Ba baki, ba zagi. Inna tana bayan zana ina jin shesshekarta. Modi kuwa, da ya fi ni shekaru da girman jiki, ya zama kurma. Baba ya ce shi ba ruwansa da mai mota, da mai hannu yake.

A hanyar komawa Modi ya ce in kankare kawai a huta. Wallahi har na ɗauko samfefa. Na tsuguna gaban ƙofar motar, sai na tuna mutanen nan sun riga sun koya. Sun san akwai toka biyu a daji, mai ƙaya da marar ƙaya. In gobe ta doso musu da ƙofofi a kankare, me za su ce? Za su ce an kashe Modi an karɓe ta. Gudun da za su yi sai ya fi na da, kuma in wani abu ya sake zuwa da alama ba za su ƙara tsayawa su duba ba. Alkawari ne aka riga aka yi wa mutanen da ba su san an yi faɗa a gindin tsamiya ba, ba a janye shi da samfefa. Na mayar da ita aljihu, na ce wa Modi motarsa ce, in yana so ya kai wa wani mai fenti, ni dai hannuna ba zai yi ba. Ya zage ni da taurin kai, ya ce tun ina ƙarami haka nake. Bai kai ta ko'ina ba.

Haka na zauna Wurno, tunga tana nan kusa, ba ni da ikon zuwa. Sallah ta zo Modi ya tafi da iyalinsa, ni na yi idi na dawo rumfa na zauna. Inna tana aiko mini da busasshen kifi ta hannun Modi, kowane ƙulli da saƙonsa. Wanda ya fi ba ni dariya da tausayi shi ne da ta ce in goge haƙarƙari guda kawai, sai a ce wa Baba ai ba ita ba ce, kama ce suka yi. Allah Sarki Inna! Na aika mata cewa mutumin da ke ƙirga idon taru ba a ɓoye masa haƙarƙari, kuma ni ban iya yin ƙaya gurguwa ba. Ta aiko cewa to in ci kifin, taurin kan dai a gidan na gaje shi.

Da damina ta sauka aka haife ki, Asma'u. A gidanmu kaka ne yake zaɓar sunan jika, shi yake raɗa wa liman. Na aika goro ta hannun Modi, goron bai dawo ba, sai na sa rai. Ranar suna aka shimfiɗa tabarmi, mutanen tasha suka cika ƙofar gida, liman yana zaune, rago a ɗaure, ni ina tsaye bakin hanya, duk babur ɗin da ya taho sai in leƙa ko Baba ne. Har rana ta ɗaga. Liman ya kira ni a hankali ya ce mutane suna da gonaki. Na sunkuya na raɗa masa sunan mahaifiyar Baba, matar Barmo. Da aka watse na zagaya bayan gida na yi kuka, da gemuna da komai. Uwarku ta daɗe ba ta yi mini dariya ba, ta ce fenti ya fiye mini ɗiyata. Ban yi mata musu ba, don ita ta ga ɗakinta cike da mata ana tambayar ina dangin uba. Wannan ranar ba ta dawowa, na sani, kuma ita ce abin da ƙayar nan ta ci mini.

Sai da albasa ta sake nuna. Aka faɗa wa wani ƙauye a ƙasar Rabah, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Da safe Modi ya taho ta hanyar da kaya har sama, ya tarar da mutane a gefen hanya ba takalmi, wasu jini a jiki, suna ɗaga hannu. Motoci sun wuce su, ban kuma ga laifin direbobin ba. Modi ya ce mini shi ma ƙafarsa ba ta so taka birki ba, amma ya ga wata mata ta nuna hancin motar da yatsa. Ya tsaya. Ya zubar da buhunan a gefen hanya, ya kwashi masu rauni zuwa asibiti, ya dawo, ya sake kwasa, haka har yamma. Albasar rana ta dafa ta, awaki suka ƙarasa. Bai gaya wa Baba ba. Ni kaɗai ya zo ya samu, idonsa jajir, ya ce ga abin da na ja masa. Na ce ya gode mini. Muka yi dariyar da ba ta dariya ba.

A cikin waɗanda suka rasu akwai wani tsohon abokin Baba tun zamanin fito. Baba ya ce sai ya je ta'aziyya, kuma bisa babur ya tafi, don ya ce ba ya hawa motar. Ba na wurin, Modi ne ya ba ni labari, daga baya shi ma Baba ya ba ni da bakinsa. Suna zaune bisa tabarmi ana addu'a, sai aka ji ƙugin mota daga yamma. Mutanen da ba su gama binne nasu ba, kun san yadda za su tashi. Kafin ka ce me wuri ya watse, aka tattake ƙorai, uwaye suna jan 'ya'ya. Baba gwiwoyinsa sun riga sun mutu, ya yunƙura ya kasa, sai ya zauna ya riƙe carbinsa yana salati, shi kaɗai a fili. Sai ya ji muryar wata mata daga bakin danga.

"Ku komo! Ƙayag gidan Barmo ta!"

Ya ce da idonsa ya ga mutane sun tsaya cikin gudu, sun waiwayo, sun dawo. Modi ne ya kawo hatsin taimako. Suka kewaye motar, wasu suna shafa farantin suna shafa fuska. Ba su san tsohon da ke kan tabarma ba, sai da Modi ya sauko ya cire takalmi ya durƙusa gabansa. Nan wani mutum mai ɗaurarriyar ƙafa ya jawo jiki ya gaya wa Baba labarin albasar da aka zubar. Da aka shafa fatiha Baba ya sallami mai babur, ya buɗe gaban motar da kansa ya shiga.

Bayan la'asar ina bisa tsani ina yi wa wata babbar mota fure, sai na ji ƙugin da na sani ya tsaya bayana. Na waiwaya na ga Baba a gaba. Kusan shekara ban sa shi a ido ba, ya rame, gemun ya ƙara fari. Na sauko zan durƙusa.

"Aje buroshi. Hau."

Na hau baya da fenti a hannuna. Ya sa Modi ya gangara mashigin da ke ƙasan Wurno, inda mata ke wanki. Da muka isa bakin ruwa Modi ya tsaya, Baba ya ce ya shiga. Ya shiga har ruwa ya kai rabin taya, Baba ya ce ya ƙara. Sai da ruwa ya kusa taɓa farantin sannan ya ɗaga hannu. Ya buɗe ƙofa ya zuro ƙafa, na yi tsalle na riƙe masa damtse, bai fizge ba. Ya roƙi wata mai wanki ta ara masa ƙwaryarta. Muka zagaya gaban motar, ruwa har cinya, ya ɗiba, ya yi bisimilla, ya zuba bisa ƙayar a hankali. Sannan ya sa babban yatsa ya murza ta da ƙarfi, tun daga kai har lanƙwasar ƙugiya, ya duba yatsan.

"Ba ta hita?"

"Ba ta hita, Baba."

Ya miƙo mini ƙwaryar.

"Na biyu na mai hannu na."

Hannun nan da kowa ya shaida ba ya rawa, ranar ya kunyata ni. Rabin ruwan a rigata ya ƙare. Modi ya kifa kai bisa sitiyari, ban san dariya yake yi ko kuka ba. Na mayar wa matar ƙwaryarta, muna fitowa gaɓa Baba ya tambaye ni mi anka sa ma ɗiyar. Na san ya sani, Inna ba za ta bar shi bai sani ba, amma na faɗa masa. Bai maimaita ba, don sunan mahaifiyarsa ba mai fita daga bakinsa ba ne. Ya ce wa Modi ya juya mu shiga gari.

Haka ya shiga gidan nan, Asma'u, da wando jiƙe sharkaf yana ɗiga a zaure, daidai inda farantin yake rataye yanzu. Uwarku ta rasa inda za ta sa kanta, ta shimfiɗa masa tabarma, ta ɗauko ki ta aje bisa cinyarsa. Ya daɗe yana kallon fuskarki, sannan ya kira ki yadda yake kiran mai sunan.

"Inna, ki yi haƙuri. Na makara."

Ke kuwa kika kama gemunsa kika ƙi saki.